Kofin gwajin ƙwaya: abin da yake gani a fitsarin ɗalibi da abin da ke wuce shi

Kofin roba ne mai murfin murɗawa, bai fi cikin tafin hannu ba. A jikinsa akwai farar takarda da ake ɓarewa, a ƙarƙashinta siraran tsinkaye goma sun jeru, kowanne da haruffa uku a kansa. Ashirin da biyar ne a kwali, kowane kofi a liƙe cikin ledarsa tare da ɗan ƙullin nan mai tsotse danshi. Idan ka ji an ce makaranta ta yi wa ɗalibai gwajin ƙwaya, to a mafi yawan wurare wannan kofin ake nufi, ko kuma ƙanensa mai siffar kati da ake tsomawa a fitsari.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a ƙaramin asibitin wata kwaleji a nan Kano. Aikina na kullum bai wuce maleriya da taifod da rukunin jini da gwajin sikila ba, sai wannan kofi da ya shigo mana daga baya, kuma shi ne ya fi jawo mini sallama har gida. Iyaye suna tambaya ko su saya. Ɗalibai masu binciken kammala karatu suna tambaya ko zai yi musu aiki. Abokan aiki a wasu makarantu suna tambaya wanne za su yi oda. Ba zan kama sunan kamfanin da muke amfani da nasa ba, don kusan duk na kasuwa ƙira ɗaya ce, yawanci daga ƙasar Sin, kwali ne kawai ya bambanta. Abin da zan faɗa a kan namu ya hau kan sauran.

Tambayoyin sun ƙaru ne tun watan Yulin 2025, lokacin da Ministan Ilimi Tunji Alausa da shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, suka sanar a Abuja cewa za a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwaji, sababbi da tsofaffi, har da na ba-zata. Kafin nan ma wasu makarantu sun riga sun fara da kansu. Ban ga laifin wannan damuwa ba. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin 100, kuma a jihar Kano adadin ya kai kashi 16, sama da mutum miliyan ɗaya. Wanda ke zaune a garin nan ba sai an karanta masa rahoto ba. Sai dai damuwa daban, kayan aiki daban. Ra'ayina kan kofin nan shi ne kaya ne mai kyau a hannun wanda ya san iyakarsa, abin tsoro kuma a hannun kwamitin ladabtarwa.

Bari in ba shi haƙƙinsa tukuna. Ba ya neman wuta. Ranar da aka ɗauke wuta kuma janareta babu mai, sauran injinan ɗakina suna hutu, shi yana aiki. Ba sai na taɓa fitsari ba: ɗalibi ya shiga bayi, ya cika zuwa alamar da ke jiki, ya murɗa murfi, ya ajiye a kan tire. Da katin tsomawa sai na buɗe, na tsoma, na ƙirga daƙiƙu, na cire, na nemi wuri mai tsafta na kwantar, kuma a makon rajistar sababbin ɗalibai, da layi ya kai bakin ƙofa, wannan bambancin ba ƙarami ba ne ga hanci da haƙuri. Minti biyar sakamako ya fito. Takardar kamfanin ta ce kada a karanta bayan minti goma, kuma gaskiyarta, don na sha ganin layi ya ɓullo a kofin da aka bari a kwandon shara bayan an gama da shi. Murfin yana riƙe ruwa idan an murɗa shi har ƙarshe. Yawancin samari ba sa murɗawa har ƙarshe, don haka safar hannu dole ce.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne karanta layukan. Mu duka mun saba da gwajin maleriya da na ciki: layi biyu, akwai, layi ɗaya, babu. Wannan kofin a juye yake. Kowane tsinke yana da wurin layi biyu, C da T. Layi biyu na nufin ba a ga komai ba, layi ɗaya a wajen harafin C shi ne an gani. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera tsinken. Akwai ƙananan ɗigon launi da fitsari ke kwasowa daga gindin tsinke ya haura da su sama. Ɗauke su a matsayin a-daidaita-sahu: idan ya taso fanko zai tsaya a tashar T, launi ya taru, layi ya fito, idan kuwa ya ci karo da ƙwaya a hanya ta cika masa kujeru, wucewa zai yi ba tsayawa, wurin ya zauna fari. Saboda haka ko layin T ya fito dishi-dishi, da ƙyar ido ke kama shi, sakamakon babu ne. Ba a cewa "ya ɗan sha". Na taɓa jin wani jami'in tsaron makaranta yana wa yaro tsawa a kan layi mara kauri, wai alamar ya rage sha ne don ya san za a gwada shi. Kaurin layi ba ya auna komai. Kowane tsinke yana da ma'aunin da aka yanka masa, na wiwi misali nanogiram 50 a mililita ɗaya ta fitsari. Sama da haka layi ya ɓace, ƙasa da haka ya fito, shi ke nan.

Yanzu ga inda na fi son mai saye ya buɗe ido, wato haruffan nan. Kwalin farko da aka kawo mana yana ɗauke da THC, COC, OPI, AMP, MET, BZO, BAR, MTD, PCP da TCA. Goma cif, kuma a jikin kwalin an buga lambar da manyan baƙi, mai saye ya ji ya sayi abu cikakke. THC wiwi ce. COC hodar iblis. OPI dangin mofin ne, a ciki har da kodin. BZO dangin diazepam, abin da yara ke kira D5. Waɗannan duk suna da aiki a nan, haka ma MET, wato methamphetamine. Amma PCP fa? Ƙwaya ce da ta addabi biranen Amurka a shekarun 1970. Ta shiga jerin ne saboda ƙa'idar gwajin ma'aikatan gwamnatin Amurka ta 1988, wadda ta ware abubuwa biyar: wiwi, hodar iblis, dangin mofin, amfetamin da PCP. Kamfanoni suka gina kofunansu a kan wannan jeri suka yi ta ƙari a kai. MTD kuwa magani ne da ake ba masu neman rabuwa da hiroyin, ba abin da za ka tarar a aljihun ɗan aji ɗaya ba ne. Kenan mun biya kuɗin tsinkaye biyu da ke gadin ƙofar da ba wanda ke bi.

Ƙofar da ake bi kuwa a buɗe take. Babu tramol a wannan jeri. Binciken 2018 ɗin nan ya ce bayan wiwi, mai mutum miliyan 10.6, abin da ke biye shi ne magungunan kashe ciwo na dangin mofin da ake sha ba bisa ƙa'ida ba, mutum miliyan 4.6, kuma tramol ne kan gaba a cikinsu. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna ɗauka tsinken OPI zai kama shi tunda aikinsa a jiki ya yi kama da na kodin. Ba ya kamawa. Tramol haɗin masana'anta ne, ƙirarsa ta sha bamban da ta mofin, tsinken bai san shi ba. Sai kofin da ke da tsinke na musamman mai TML ko TRA a kansa. Ma'ana yaron da ya haɗiyi mai miligiram 225 da safe, irin wanda doka ma ba ta yarda a shigo da shi ba tunda 50 da 100 ne aka amince da su, zai iya cika kofin nan da hantsi ya fita da layuka biyu a dukkan tsinkaye goma, a buga masa hatimi a takarda cewa tsaf yake. Idan akwai abu ɗaya da zan so mai oda ya riƙe daga rubutun nan, to ya juya kwali ya nemo waɗannan haruffa uku kafin ya biya.

Ko da TML ɗin, sauran rina a kaba. Exol, wanda asalinsa maganin karkarwar jiki ne da na illar wasu magungunan ƙwaƙwalwa, ba ya fitowa. Pregabalin ba ya fitowa a kofunan da aka saba sayarwa. Allurar penta ba ta fitowa a OPI. Abin da ake kira kolorado, ganyen da aka fesa wa sinadari, ba wiwi ba ne a idon tsinken THC. Roci kuwa, duk da ɗan gidan BZO ne, sau da yawa yana sulalewa, saboda ƙwayar ƙarama ce kuma abin da jiki ke mayar da ita bai cika manne wa tsinken ba. Sholisho, madarar sukudaye, zaƙami, gadagi: waɗannan ko a mafarki wanda ya ƙera kofin bai san da su ba. Taba da shisha da giya ma babu su, sai an sayi nasu tsinken daban. Don haka kalmar da nake rubutawa a takarda ita ce "ba a ga abubuwa kaza da kaza ba", in jera su. Ba na rubuta "ba ya shan komai", ko da wa ya roƙe ni.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kofin ba ya ganin tarihi, kwanaki kaɗan yake gani. Kodin da tramol sukan bar fitsari cikin kwana biyu zuwa huɗu. Wiwi kuwa maƙalewa take yi a kitsen jiki tana fita a hankali: wanda ya busa sau ɗaya zai wanke cikin kamar kwana uku, amma mai yi kullum zai iya kaiwa wata guda yana nunawa bayan ya daina. Duba abin da wannan ke haifarwa idan an sanar da ranar gwaji, kamar yadda ake yi lokacin rajista. Wanda ya tuba da wiwi tun makonni uku, ya yi sabon aski, ya zo makaranta da niyyar gyara, shi kofin zai kama. Mai tramol da ya daure kwana biyar ya wuce. Yara sun san wannan lissafin fiye da malamansu.

Daurewar ma ina ganinta da idona. A makon da ke gaban gwaji sai a riƙa samun samari a layin ganin likita da ciwon gaɓoɓi, gumi, hamma ba ƙaƙƙautawa, majina, gudawa, rashin barci. Kowa ya ce maleriya ce. In ɗauki jini in duba, babu ko ɗaya. Jikin da ya saba da tramol ne aka yanke masa farat ɗaya. Abin haushin shi ne wannan yaron shi ne ya fi kowa buƙatar a zauna da shi, kuma shi ne ranar gwaji zai fito da sakamako fes, ya koma ɗaki ya rama kwanakin da ya yi. Tramol mai yawa yana jawo farfaɗiya, iyakar da likitoci ke bayarwa a yini miligiram 400 ce, kuma ramuwar gayya bayan hutu ita ce lokacin da aka fi kawo mana su a sanƙare.

Akwai ɗan zanen auna zafi a jikin kofin, daga digiri 32 zuwa 38, don a gane ko fitsarin yanzu ya fito daga jiki. Ana duba shi cikin minti huɗu. Da hunturu yana aiki sosai, fitsarin aro yakan tona kansa. A watan Afrilu kuwa, da iskar Kano kanta ta haura digiri 40, komai a ɗakin ɗumin jiki gare shi, zanen ya zama ado. Wasu kofunan suna da ƙarin ɗigon launuka da ke nuna ko an tsinka fitsarin da ruwa ko an zuba masa wani abu. Namu na farko babu, na yanzu akwai, kuma ya cancanci ɗan ƙarin kuɗin, don wanda ya shanye ledar fiya-wata shida kafin ya shigo, abin da zai ba ka kusan ruwa ne.

Wancan duk ɓangaren wanda ya sha aka ce bai sha ba ne. Ɗaya ɓangaren ya fi ɗaga mini hankali, don shi ne ke iya raba yaro da karatu. Wata yarinya 'yar aji ɗaya, siririya, idonta da ɗan ruwan ɗorawa, tsinken OPI ya fito mata da layi ɗaya. Tana ganin na sake duba kofin ta fara rawar murya.

"Anti, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Zauna. Wane magani kika sha a satin nan?"

Sikila gare ta. Ciwon ya tashi ana saura kwana kaɗan rajista, aka kwantar da ita, aka sallame ta da maganin kashe ciwo mai kodin a ciki, katin asibitin ma yana jakarta. Kofin bai yi ƙarya ba, kodin ya gani. Amma fom ɗin da ofis ya buga mana a lokacin gida biyu ne kawai a cikinsa, akwai da babu, ba wurin rubuta magani, kuma takardar daga teburina wani ofishi za ta wuce inda ba wanda ya san mene ne sikila balle maganinta. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan ciwo a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Duk makarantar da za ta gwada ɗalibai dubu, ta san da cewa akwai irin wannan yarinya a layi, kuma tramol da kodin da penta magungunanta ne na halal. Haka mai farfaɗiya da ke shan phenobarbitone zai nuna a BAR, mai shan amitriptyline don ciwon jijiya zai nuna a TCA. Tun daga ranar na ce ba zan karɓi kofi ba sai an fara rubuta duk maganin da mutum ya sha a makonni biyun da suka wuce, har na kemis, har na tari.

Wani lokaci kuma tsinken ruɗewa yake yi da maganin da ba ruwansa. An tabbatar da cewa ofloxacin da levofloxacin, waɗanda ake rubutawa kamar gyaɗa a garin nan da sunan taifod, suna iya sa OPI ya nuna. Rifampicin na tarin fuka ma haka. Maganin mura mai pseudoephedrine yana iya taɓa AMP, tsinken amfetamin. Efavirenz, maganin HIV, an sha samunsa yana taɓa THC. Ka yi tunanin ɗalibin da za a tilasta wa zaɓi tsakanin a kira shi ɗan wiwi ko ya tona ciwon da ko abokin ɗakinsa bai sani ba. Maganin tari mai dextromethorphan yana iya taɓa PCP, wato tsinken nan da ba ya kama kowa a nan, idan ya tashi kamawa marar laifi yake kamawa.

Kamfanin bai ɓoye wannan ba. A takardar da ke cikin kwali, da Turanci, da rubutun da sai na sa tabarau, an faɗa ƙarara cewa sakamakon na share fage ne, kuma duk wanda ya nuna sai an tabbatar da wani gwajin na inji, irin GC-MS. Wannan injin babu shi a asibitin kwaleji, babu shi a mafi yawan ɗakunan gwaji masu zaman kansu, kuma kuɗin gwaji ɗaya a kansa ya ninka na kofin sau da yawa. Abin da nake gani ana yi a madadinsa shi ne a sake gwadawa da wani kofin daga kwali ɗaya. Wannan ba tabbatarwa ba ce. Abin da ya ruɗi tsinken farko zai ruɗi na biyu.

Ajiya ma matsala ce da ba a cika magana a kanta ba. An rubuta a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 30. Sitonmu rufin kwano ne. Da bazara nakan kwashe kwalayen in kai ɗakin da firjin allurai yake, don nan ne kaɗai ake samun sanyi-sanyi. Kofin da zafi ya dafa yakan fito da layin C a kwance ba ƙarfi, ko ya ƙi fitowa gaba ɗaya, kuma duk tsinken da C bai fito ba sakamakonsa ya ɓaci, sai a zubar. Ni a Dangwauro nake saye, tun da aka mayar da dillalan magani can daga Sabon Gari a 2024, kuma nakan nemi a buɗe mini kwali in duba ranar lalacewa a jikin ledar kofin kanta, in matsa in ji ko ledar a liƙe take. Farashi yana bin dala, ba ya zama wuri ɗaya, amma a lissafinmu kofi ɗaya ya fi gwajin maleriya da na taifod a haɗe, kuma a ƙarshe ɗalibi ne ke biya a cikin kuɗin rajista.

Wani ɗalibi mai binciken kammala karatu ya zo mini da tsarinsa: yana son ya auna lafiyar ɗalibai, yawan motsa jikinsu da shaye-shayensu, ya ga ko akwai alaƙa. Ya riga ya ware rabin kuɗinsa don sayen kofuna, wai fitsari ba ya ƙarya, takardar tambayoyi kuwa kowa zai rubuta abin da ya ga dama. Na ce masa ƙanena, fitsari ba ya ƙarya amma mantuwa gare shi. Alƙaluman 2018 da yake son ya kwatanta nasa da su, tambayar mutane aka yi abin da suka sha cikin watanni goma sha biyu. Kofinsa kwana uku zai gani. Idan ya samu ƙaramin adadi ya rubuta cewa shaye-shaye ya ragu a makarantarsu, ya kwatanta abubuwan da ba sa kwatantuwa. Ga kuma wanda zai yarda ya ba da fitsari don radin kansa: mai sha ba zai zo ba, sai 'yan sahun gaba a masallaci. Na nuna masa ASSIST, takardar tambayoyi takwas ta Hukumar Lafiya ta Duniya, kyauta ce, tana tambayar abin da mutum ya taɓa sha a rayuwarsa da na watanni ukun baya, ta haɗa da taba da giya da abubuwan shaƙa, ta kuma raba mutane zuwa mai ƙaramin haɗari, matsakaici da babba. Wannan rabon shi ne abin da kofi ba zai taɓa ba ka ba: wanda ya ɗanɗana a biki da wanda ba ya iya tashi sai da ita, layi ɗaya suke fitarwa. Na ce ya raba takardun ba suna, a jefa a akwati, ya haɗa da tambayoyin motsa jiki ya auna su da minti 150 a mako da hukumar ta ba manya shawara, sannan in yana da sauran kuɗi da izinin kwamitin ɗa'a, ya gwada 'yan kaɗan da kofi don ya ga ko amsar kwanakin nan ta yi daidai da fitsari. A nan kofin yana da amfani a bincike. Ginshiƙi kuwa bai kai ba.

Masu wasanni ma su sani. Kocin ƙwallonmu ya nemi a gwada yaransa kafin gasa, don ya san wasu suna haɗiyar tramol su yi minti casa'in ba gajiya. Yana da hujja, tunda hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta tramol lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024. Kofi mai TML zai yi masa wannan. Amma allurar kumbura ƙwanji da samarin gidan ɗaga ƙarfe ke yi wa juna, da dexamethasone da sauran "sha ka fashe" da 'yan mata ke sha don ƙiba, ba ɗaya da zai gani, alhali a asibitinmu illarsu ba ta fi ta wiwi wuyar gani ba: kumburin fuska, hawan jini a shekara ashirin, suga.

Iyaye su ne na fi tausayawa. Wata maƙwabciyarmu ta shigo bayan magariba, ta jira yara suka fita, ta ce in samo mata kofi ɗaya a ɓoye.

"Hajiya, wa za a gwada?"

"Ɗan'uwanki mana. Barci har azahar, ga kuɗi na ɓacewa a ɗaki. So nake in samu hujja kafin in gaya wa Alhaji."

Na ce Hajiya, hujja ai kin gama kawo ta da bakinki. Idan kofin ya ce babu, alhali abin da yake sha ba ya cikin tsinkayen, kin ba shi takardar wanke kai, gobe ko kin yi magana zai ce ai an gwada. Idan ya ce akwai, kin samu layi ɗaya da rigima, ba ki san nawa yake sha ba, tun yaushe, ko me ya kai shi. Kuma ta yaya za ki karɓi fitsarin saurayi ɗan shekara ashirin da biyu ba da saninsa ba? Na ba ta shawarar ta nemi kawunsa da yake jin maganarsa, su kai shi sashen masu taɓin hankali da shaye-shaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau, inda gwajin zai zo tare da likitan da ya san abin da zai yi da sakamakon. Masu yi wa 'yan Kaduna tambaya, akwai na Barnawa. Ba ta ji daɗin amsar ba a daren, ta so a ce abu ne da za a saya a gama. Ban sayo mata ba.

Odar da na rubuta wa mai kawo mana kaya ta zangon karatu mai zuwa ta fi ta baya gajarta. Tsinke shida na ce: THC, TML, OPI mai ma'aunin nanogiram 300 ba 2000 ba don ya fi kama kodin, BZO, MET da COC, da ɗigon gane tsinkakken fitsari, kuma ranar lalacewa kada ta gaza shekara ɗaya daga ranar kawowa. Ya kira ni ya ce mai goma ya fi arha a hannunsa yanzu, kuma shi shugabannin makarantu suka fi so don lambar ta fi cika ido a takarda. Na ce ya kawo mai shidan, bambancin kuɗin zan je in yi wa bursa bayaninsa da kaina.